Baƙo Sau Biyu: Kira ga Kirista Mai Jin Hausa a Fatakwal da Anaca da Inugu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci unguwannin Hausawa na Kudancin Nijeriya, abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne masallaci da kara da teburin mai shayi da fadar Sarkin Hausawa. Haka abin yake, amma akwai wani mutum a cikin wannan taro wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba, ko da a cikin nazarce-nazarcen da muke yi a sashenmu. Shi ne Kiristan da ya taso daga Arewa, wanda da Hausa yake addu'a, da ita yake waƙar sujada, da ita kuma yake karanta Littafi Mai Tsarki. Wani Bahaushe ne gaba da baya, daga Wusasa ko Malumfashi ko ƙauyukan Kano ta kudu. Wani kuma daga Kudancin Kaduna yake, ko Filato, ko ƙasar Tangale, ko Zuru, ko Kudancin Borno, yana da harshensa na gado amma Hausa ce ta haɗa shi da sauran jama'a.

Ni ma cikin waɗannan mutane nake, kuma manufar wannan ɗan rubutu ita ce in faɗi ra'ayina a kan abu guda. A ganina, a garuruwa irin su Fatakwal da Anaca da Inugu, babu abin da zai shaidi bangaskiyar irin wannan mutum sai halinsa, kuma a cikin wannan halin ne zai gane dalilin zamansa a can.

Yadda Aka Je Can

Zaman 'yan Arewa a waɗannan garuruwa ba yau ya fara ba. An gano kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal a 1912 domin a sami tashar jiragen ruwa da za a fitar da shi, sannan jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Da hanyar jirgi ta dangane da Arewa, sai fatake da masu shanu da leburori suka ƙara kwararowa. Anaca kuwa tun kafin nan kasuwa ce babba a bakin kogin Kwara, gadar da aka buɗe a 1965 ta ƙara mata girma. Ibo suka riƙa kiran unguwar baƙin nan Ama Awusa, wato unguwar Hausawa, wuraren dabbobi kuma aka san su da Gariki, kamar wanda ke Awkunanaw a Inugu.

Akwai wani abin sha'awa ga ɗalibin harshe a nan. A Anaca ne Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor suka kafa tashar mishan a 1857. Crowther ɗin nan shi ne abokin tafiyar J. F. Schön a balaguron kogin Kwara na 1841, Schön kuwa shi ne ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamusunta a 1876. Ke nan kogin da ya ratsa gefen Anaca yana da alaƙa da tarihin rubuta Hausa da boko. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da su Likita Walter Miller suka yi a ƙasar Zazzau. Wannan littafi da fassarorin da suka biyo bayansa su ne 'yan ci-rani da sojoji da 'yan sanda da ma'aikata suka ɗauko a jakunkunansu zuwa Kudu, majami'u irin su ECWA da COCIN kuma suka biyo mutanensu.

Baƙunta Iri Biyu

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne. To wannan mutum namu baƙo ne har sau biyu. Idan ya shiga kasuwa, 'yan gari da sun ji harshensa sai su kira shi "aboki", kalmar da muka sani ta girmamawa ce a Hausa amma a bakin wasu ta koma ta raini. Ba wanda zai kawo a ransa cewa ranar Lahadi shi ma majami'a zai tafi. Idan ya ce sunansa Bitrus ko Bulus ko Iliya, sunan ba ya gaya wa mutumin Anaca komai, don shi bai san da waɗannan sunaye a wannan siga ba. Idan kuma ya koma unguwa, cikin waɗanda suke harshe ɗaya da abinci ɗaya, da an kira salla sai a gane akwai abin da ya raba shi da su.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin takan kai ga rai. A watan Fabrairu na 2006, bayan rikicin da aka yi a Maiduguri a kan zane-zanen ɓatancin da wata jaridar ƙasar Denmark ta buga, inda aka ƙona majami'u aka kashe mutane, sai ramuwar gayya ta ɓarke a Anaca. An kashe 'yan Arewa da dama, wasu suka fake a barikin soja, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba. Haka kuma an ga tashin hankali a Oyigbo, kusa da Fatakwal, a 2017 da 2020. A irin wannan rana fuska da harshe ake dubawa. Mai karatu ya auna halin da mutum zai shiga idan an ƙona majami'ar iyayensa a gida saboda addininsa, shi kuma ana farautarsa a nan saboda harshensa.

Abin da Hausa Ta Riga Ta Tanada

Mu ɗaliban Hausa mun san laccar nan ta A. H. M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974. A ciki ya tattaro siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Abin lura shi ne, waɗannan kalmomi ana jin su a mumbarin masallaci, ana kuma jin su a bagadin majami'a. Idan fasto ya ce amana, malamin zaure ya san abin da yake nufi. Haka kalmomi irin su Allah da Ubangiji da addu'a da tuba da zunubi da alheri, duk harshe ɗaya ne ya ɗauke su, ko da yake kowane addini yana da yadda yake fassara su.

Sai dai akwai wurin da nake ganin koyarwar Kirista ta yi wa karin maganarmu gyara. Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne, ya kuma ce mai hali ba ya fasa halinsa. Idan aka tsaya a nan, to ɓarawo ya zauna da satarsa ke nan, mai fushi kuma ya mutu da fushinsa. Bishara kuwa ta ginu ne a kan cewa Allah yana sabunta zuciya, shi ya sa ma aka raɗa wa babban yunƙurin wa'azin nan da ya bazu a Arewa a shekarun 1960 suna Sabon Rai Don Kowa. Zakka mai karɓar haraji, wanda labarinsa ke cikin Luka sura 19, ya saba da cutar mutane, amma da ya sadu da Yesu sai ya ɗauki alkawarin mayar wa kowa haƙƙinsa har da ƙari. Saboda haka kada saurayin da ya baro gida da wani mugun hali ya ce ai shi haka Allah ya yi shi.

Bangaskiya a Bakin Mudu

Ina ake ganin wannan sabon hali? Ana ganin sa a wurin neman abinci. Littafin Karin Magana ya yi ta nanata cewa Allah yana ƙyamar ma'aunin algus. Mai sayar da wake ko albasa a kasuwar Mile 1 ta Fatakwal, wanda bai bubbuge gindin mudunsa ba, bai kuma shimfiɗa ruɓaɓɓu a ƙasan buhu ya jera masu kyau a sama ba, ya riga ya yi wa'azi kafin ya buɗe baki. Haka mai gadin da maigida zai yi tafiyar Kirsimeti zuwa ƙauye ya bar masa makullai, ya dawo ya tarar ko cokali bai ɓata ba. Haka ɗan dako da ke tura baro a kasuwar Anaca, wanda idan ya ɓace wa mai kaya a cikin cunkoso zai tsaya ya neme ta.

'Yan'uwanmu masu kaki ma ba a bar su a baya ba. Inugu ce hedikwatar Runduna ta 82 ta sojojin ƙasa, Fatakwal kuma ta Runduna ta 6, akwai kuma 'yan Arewa da yawa a cikin soja da 'yan sanda. A Luka sura 3, da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Ya gargaɗe su ne a kan ƙwace da ƙazafi, ya ce su wadatu da albashinsu. Wanda ya rera waƙa a sujadar safe, da yamma kuma ya tsaya a shinge yana karɓar na goro, me direban da ya miƙa masa kuɗin zai ɗauki addininsa?

Harshe ma yana cikin hali. Idan muna jin zafin yadda ake kiranmu "aboki", to mu duba kalmar "Inyamuri" da ke bakinmu, wadda ake cewa ta samo asali ne daga yadda Ibo ke roƙon ruwan sha da harshensu. Mutanen da ake kira da ita ba sa son ta. Wanda ke son a mutunta shi sai ya fara kiran maƙwabcinsa da sunan da yake so.

Me Ya Kawo Ni Nan?

Da yawa daga cikinmu sukan ce ci-rani suka zo, don haka ba ruwansu da garin. Irin wannan tunani ne Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila suka yi, sai annabi Irmiya ya aika musu da wasiƙa, wadda ke sura 29 ta littafinsa, yana umurtar su da su gina gidaje su yi shuka, su nemi zaman lafiyar birnin, su kuma yi masa addu'a. Yusufu ma, wanda 'yan'uwanmu Musulmi suka san labarinsa sarai, a matsayin bawa ya shiga Masar, riƙon amana ne ya sa aka danƙa masa gida, aka danƙa masa kurkuku, daga baya aka danƙa masa rumbunan ƙasa. A tarihin Inugu kanta akwai misali, domin magajin garinta na farko a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani ne Musulmi daga ƙasar Sakkwato, kuma 'yan gari ne suka yarda da shi suka zaɓe shi.

A nan ne nake ganin baƙuntar nan biyu ta zama baiwa. Mutumin da yake addini ɗaya da 'yan gari, yake kuma harshe ɗaya da mutanen unguwa, yana iya shiga inda wani ba zai shiga ba. Shi zai iya gaya wa abokin sujadarsa cewa mai tsiren da ke bakin titi ba shi da hannu a abin da ya faru a wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita. Shi zai iya gaya wa mutanen unguwa cewa ba duk mai zuwa majami'a ne ke ƙin su ba. Amma fa ba wanda zai saurari wannan magana daga bakin wanda aka san shi da ƙarya ko cin bashi.

Abin da Wasu Za Su Ce

Wani zai ce hali ba ya tare adda. Gaskiya ne, an kashe mutanen kirki a rikice-rikicen da na ambata, kuma kare rayuka aikin hukuma ne da ba za a ɗora wa talaka ba. Ba na cewa hali laya ce. Abin da nake cewa shi ne, a ranar tsanani ƙofar da za ta buɗe wa mutum ita ce ta wanda ya san shi tun a ranar lafiya. Ko da kuma ba a buɗe ba, Kirista ba don sakamakon mutane yake riƙe gaskiya ba.

Wani kuma zai ce ai a biranen nan ana wa'azi cewa alamar bangaskiya ita ce mota da gida, ga shi shi shekara goma yana gadi. Neman arziki ta hanyar halal ba laifi ba ne, kuma ina fata kowa ya samu. Amma Yesu kansa a gidan kafinta ya girma, manzo Bulus kuma da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa. Idan aka mayar da dukiya ma'aunin bangaskiya, to an buɗe wa matashi ƙofar damfara, an kuma sa mai gaskiya ya riƙa jin kunyar sana'arsa.

Kammalawa

Kirana ga ɗan'uwa da 'yar'uwa da ke zaune a Fatakwal ko Anaca ko Inugu shi ne, kada ka raina kanka don ba a gane ko kai wane ne ba. Ka cika mudu, ka biya bashi a kan lokaci, ka gai da maƙwabcinka Musulmi ranar Salla, ka je ta'aziyyar maƙwabcinka ɗan gari, ka koyi gaisuwa da harshensa. Ka riƙe zumuntar majami'a, domin mai zaman kaɗaici a baƙon wuri shi ne jaraba ke saurin kayarwa.

Mu kuma ɗalibai, ga fili nan a buɗe. Hausar da ake wa'azi da ita a waɗannan garuruwa, da waƙoƙin Zumuntar Mata, da kalmomin Ibo da na Turancin buroka da suka shiga bakin yaran da aka haifa a can, duk abubuwa ne da suka cancanci kundin digiri. Wanda ya tafi can da littafin rubutu da abin ɗaukar magana ba zai dawo hannu rabbana ba. Allah ya ba mu zuciya mai gaskiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.