KOYA WA YARA LURA DA HALITTUN ALLAH

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin sammai da ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, makon nan za mu duba wani ɓangare na tarbiyya wanda iyaye da yawa suka yi sakaci da shi, watau koya wa ƙananan yara lura da halittun Allah da tausaya musu. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ba ya gajiya da tambaya. Ina tururuwa ke kai hatsi? Wa ya koya wa tsuntsu saƙa sheƙa? Uba kuwa ya dawo daga kasuwa ko ofis a gajiye, sai ya daka masa tsawa. To, a sani wannan tambaya ita ce mafarin tafakkuri, tafakkuri kuma ibada ne.

Ku duba Alƙur'ani mai girma. Akwai surorin da aka sanya wa sunan saniya, da ƙudan zuma, da tururuwa, da gizo-gizo, da giwa. A Suratul Gashiya Allah Ya kwaɗaitar da mu duban raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Yaranmu suna haddace wannan sura tun da wuri, amma nawa ne daga cikinsu aka taɓa nuna wa Dutsen Kwatarkwashi ko duwatsun Tsafe, aka ce musu ga irin abin da ayar take nufi?

Ɗauki gawo misali. Sauran itatuwa suna toho da damina, shi kuwa a lokacin yake kaɗe ganyensa, sai rani ya yi sannan ya yi kore. Saboda haka inuwarsa ba ta danne gero, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne sa'ad da ciyawa ta ƙare. Haka nan shamuwa, wadda zuwanta ke shaida wa manomi kusantowar ruwa. Yaron da aka bayyana wa waɗannan ya sami darasin tauhidi wanda zai daɗe bai manta ba.

Lura kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da jin ƙai. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, an kuma gafarta wa wani mutum saboda kare da ya shayar. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa ƙanensa Abu Umairu yana da wani ɗan tsuntsu, Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallama) kuma yakan tambaye shi labarinsa. Shugaban halitta bai raina abin da ya dami ƙaramin yaro ba. Mu kuwa sai mu ga yara da danƙo suna harbin tsuntsaye da ƙadangaru don wasa kawai, mu wuce ba mu ce uffan ba.

Wani zai ce ai rashin tsaro ya hana kai yara daji. Gaskiya ne, kada kowa ya jefa iyalinsa cikin haɗari. Amma tsakar gida ma makaranta ce. Mutumin Damba ko Bungudu ko cikin Gusau yana iya ba kowane yaro dashen zogale ko mangwaro ko darbejiya a farkon damina, ya zama nasa, ya riƙa ba shi ragowar ruwan alwala idan rani ya shigo. A ajiye kasko da ruwa don tsuntsaye lokacin bazara. A koya masa sunayen kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da amfanin kowace. A kuma sanar da shi hadisin da ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi. Malaman Islamiyya su ma su taimaka.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984, da yadda dabbobi suka halaka. Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da hamada ke yi wa barazana, ga saran itace domin girki da gawayi. Yaran yau su ne za su zama manoma da 'yan kasuwa da ma'aikatan da za su sa hannu a takardar sare daji ko kare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma za a tambayi kowane uba game da kiwon da aka ba shi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya maido mana da zaman lafiya. Wassalamu alaikum.