Biskit ɗin da ba ya shiga gwangwani

Duniya ta san Danmak da shuɗin gwangwanin Royal Dansk, wanda aka fara sayarwa a 1966, har ya iso kantunan Kano da Yamai. Sai dai cikin nau'o'i biyar da aka saba gani a gwangwanin babu ko ɗaya mai jam, wato 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari har suka yi kauri. Jam na da danshi, danshi kuwa na sa biskit ya yi laushi cikin 'yan kwanaki. Don haka mai jam ya fi zama a gida, kuma a nan darajarsa take.

A watan Disamba, lokacin da hasken rana bai wuce awa bakwai ba a Kopenhagen, iyalai kan ware rana guda domin gashin biskit na Kirsimeti. Ana murza fulawa da man shanu da sukari, a mulmula kwaɓin ƙanana, a dangwala babban yatsa a tsakiya, a cika ramin da jam. Wasu kuma su shimfiɗa jam na rasberi tsakanin falle biyu, su yanka bayan an gasa, abin da ake kira hindbærsnitter.

Al'adar ba ta kai tsufan da ake zato ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 murhun ƙarfe mai tanda ya shiga gidajen talakawa. Daga baya hatsin Amurka da Rasha mai araha ya karya kasuwar manoman Danmak, suka koma kiwon shanu. A 1882 manoman ƙauyen Hjedding suka kafa masana'antar madara ta haɗin gwiwa ta farko a ƙasar, man shanu mai kyau ya yawaita. Sukari ma ya sauko da aka fara tace shi daga gwoza a cikin gida. Jam ɗin kansa dabara ce ta adana 'ya'yan itacen bazara domin hunturu.

Akwai masu cewa wannan wahala ce marar amfani: ma'aikaci ba shi da lokaci, man shanu na da tsada, ga na kanti a shirye. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, idan cika faranti ne kawai manufar. Amma ranar gashin ita ce ranar da kaka ke nuna wa jika yadda kwaɓi yake idan ya yi daidai, da yawan jam ɗin da ba zai tafaso ya ƙone ba. Wannan ilimi a hannu yake. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da aka bai wa aikin dangwala yatsa shi ne zai kunna tanda idan ya girma.

Masana'anta ta iya adana ɗanɗano har tsawon watanni, ta kai shi ƙasashe masu nisa. Taruwar iyali kuwa sai an sake ta kowace shekara. Gidan da ya yi Disamba goma yana sayen na kanti zai wayi gari da takardar girkin kaka a aljihun tebur, ba wanda ya san yadda ake bin ta.