Rumana: A Tara Irinta Tun Kafin Dajin Bauchi Ya Koma Gidaje

Idan damina ta kankama, rumana kan fitar da furenta mai ruwan ɗorawa da ja a cikin ciyawar da ke gindin duwatsun ƙasar Bauchi. Masana tsirrai suna kiranta Gladiolus, kuma danginsu ɗaya da furen iris da masu lambu a Turai da Amurka ke raya nau'o'insa na daji daga iri don kada su ɓace. A ƙasar Hausa masu maganin gargajiya ne suka fi saninta, kuma tushenta mai kama da albasa suke haƙowa.

Duk tushen da aka haƙo, an kashe tsiro guda ke nan. Ga kuma birnin Bauchi yana ta faɗaɗa: inda ake kiwo jiya ya zama filin gini, masu fasa dutse na cin gindin tsaunuka, gobarar daji na bin sauran. Bishiya kamar madobiya ta samu masu kare ta, har yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinta a 2016. Ƙaramin tsiron da ke ɓuya a ƙasa duk tsawon rani kuwa, sai ya ƙare babu wanda ya lura.

Maganin yana cikin irinta. Bayan fure ya bushe, kwanso kan tsage ya saki ƙwayoyi masu yawa. Ana iya ɗibar kaɗan a bar uwar a inda take. Wanda ya shuka zai jira shekara biyu ko uku kafin ya ga fure, amma abin da zai samu ya fi na mai raba tushe. Tushen da aka raba kwafin uwarsa ne, cuta ɗaya na iya share su baki ɗaya. Iri kuwa kowace ƙwaya da halinta, wata ta jure fari, wata ta jure cuta. A ma'ajiyar iri ta Millennium da aka buɗe a Ingila a 2000, busar da iri ake yi a adana shi cikin sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili.

Nijeriya ba ta rasa cibiyoyi ba. Akwai NACGRAB, ma'ajiyar iri ta ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1987. Bauchi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, tana da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga gandun dajin Yankari da aka keɓe tun 1956. Sai dai nasarar shirin dashe da yawan dalbejiya da turare ake auna ta, domin su ne masu saurin girma da sauƙin ƙirgawa a rahoto.

Gyaran yana hannun jami'an da ke tsara kasafin kuɗi da mataimakan da ke rubuta wa ministoci takardun shawara a Abuja. A ware kaso a kuɗin dashe don tara irin tsirran gida. A bai wa jami'ar Bauchi ɗakin busarwa da firiza mai aiki da hasken rana, a aika kwafin kowane iri Ibadan. A kuma sa masu magani cikin aikin, tunda su suka san inda rumana ke fitowa, kuma idan suka noma ta a gida za su rage haƙa a daji. Kwansonta sau ɗaya yake nuna a shekara, don haka dole kuɗin ya isa Bauchi kafin kaka.