Ku Sakar Wa Ɓera Mara

Duk ranar da na taɓo zancen ɓerayen da ake dasa wa ƙwayoyin gado a shirina na rediyo, magana ɗaya masu kira ke maimaitawa: wai Turawa na shisshigi cikin halittar Allah. Jama'a, wannan magana ta ishe ni.

Babu wanda ya halicci ɓera a ɗakin bincike. Abin da Jon Gordon da Frank Ruddle suka yi a Jami'ar Yale a 1980 shi ne, suka sa allura siririya suka zuba ƙwayar gado cikin ƙwan ɓera da ciki ya fara ƙulluwa, suka mayar da shi mahaifa, suka zuba ido. Cikin ɓera bai wuce mako 3 ba, don haka abin da ba ya halatta a gwada a kan mace ana ganinsa a nan cikin sauri. Ta wannan hanya aka tabbatar a Landan a 1991 cewa ƙwaya ɗaya tak, Sry, ke mayar da ɗan tayi namiji, kuma daga uba take fitowa. Masu sakin mata don sun jero 'ya'ya mata, kun dai ji.

Mu dawo gida. Mu a Mai Wurno, wa zai ce bai san sikila ba? Jariri na nan lafiya lau, sai wajen wata 6 hannu da ƙafa su kumbura, kuka ya hana gida barci. Jinin da ya zo da shi daga ciki ne ke kare shi, har wata ƙwaya mai suna BCL11A ta tsayar da yin sa. A 2011 Stuart Orkin da abokan aikinsa a Boston suka toshe ƙwayar a ɓeraye masu sikila, jininsu ya gyaru. Wannan sawun aka bi har Birtaniya ta amince da maganin Casgevy a Nuwamban 2023.

To nawa ne kuɗinsa? Dala miliyan 2.2 a Amurka, mutum ɗaya! Wata guda bayan amincewar, yaƙi ya shiga Wad Madani, inda marasa lafiyarmu ke zuwa neman magani. Wane manomin auduga ne a Gezira zai biya wannan kuɗi, ko ya sayar da gona da shanu da gida? Har yau ina jiran mai kiran da zai ɗaga murya a kan wannan.