Telolin Mata, Ina Littafin Zanenku?

A Faransa rigar mace a kan takarda take fara rayuwa. Christian Dior ya daɗe yana sayar da zanen riguna da huluna kafin ya baje kayansa na farko a Paris ranar 12 ga Fabrairun 1947: ƙugu a matse, siket a baje har ƙwauri. An adana zane-zanen nan na fensir, har gobe ana zuwa kallonsu.

Mu ma ai ba baƙin zane ba ne. Kafin allura ta taɓa babbar riga, sai mai zane ya zauna da alƙalami da tawada ya fitar da aska takwas da tambari, kuma galibi hannun da ya saba da allo ne ke wannan aiki. Mu 'yan Madabo, unguwar malamai, ba sai an ba mu labari ba.

To ɗinkin mata fa? Mace ta yanko atamfa a Kantin Kwari, ta miƙa wa tela waya: "Malam, irin wannan nake so." Shi ke nan. Telan da ke yi wa maiɗakina ɗinki ya ƙirƙiro wani hannun riga mai tattara da ya burge lungunmu kaf, amma da alli ya zana shi a kan yadin, almakashi ya cinye. Bayan Sallah ko shi ya kasa maimaitawa.

Telolinmu, ku sayi littafi ku riƙa zana abin da kuka ƙirƙira, da kwanan wata. Gidan Makama kuma, gidan adana kayan tarihi, ya kamata ya buɗe wa waɗannan littattafai ƙofa.