Ɗan Haya Ya Fita, Bashi Yana Nan

Mu ɗalibai 'yan ƙasar Illela mun ga abin da rufe iyaka ya jawo wa Araba. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har Maris 2024. Hanyar Birnin Ƙonni ta yi tsit, masu hayar shaguna suka kasa biya, masu gida suka fitar da su.

To, fitar da ɗan haya ba ya kashe bashi. Mai gida yana da ikon kai ƙara kotun shari'a ko ta majistare, da takardar yarjejeniya ko shaidu, alƙali ya yanke yadda za a biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a garƙame shago, a riƙe buhunan albasar mutum alhali hukunci bai fito ba. Albasa kuwa ba ta jiran zaman kotu, ruɓewa take yi, kowa ya tashi a tutar babu.

Ku kuma masu karɓar haraji na Jihar Sakkwato, mun ji doka ta ce ana biyan haraji a kan kuɗin haya. Amma ku dubi rasit tukuna, kada ku yanka wa mai gida haraji a kan hayar da ba ta shiga aljihunsa ba.