Ramukan Kwal na Inugu da Nauyin da Suka Bari

A shekarar 1909 ne masu binciken ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka suka gano kwal, wato gawayin da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa, a tsaunukan Udi, kuma zuwa 1916 an riga an shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal domin kwashe shi zuwa bakin teku. A kan wannan haƙa birnin Inugu ya tashi, da wannan kwal ɗin kuma jiragen ƙasa suka yi ta jigilar gyaɗa daga Kano. A mahaƙar Iva Valley ce 'yan sanda suka harbe ma'aikata 21 ranar 18 ga Nuwamban 1949, lamarin da ya ƙara rura wutar neman 'yancin kai. Da jiragen ƙasa suka koma amfani da man dizal, yaƙin basasa kuma ya biyo baya, sai harkar ta yi ta ja da baya har Hukumar Kwal ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1950, ta daina haƙa.

Sai dai dakatar da aiki a mahaƙa ba ya kawo ƙarshen haɗarinta. Muddin ana aiki, injuna na zuƙe ruwan da ke tsattsafowa cikin ramuka, amma da zarar an kashe su ruwan yakan cika hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ya haɗu da iska da wani dutse mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta, sai ya rikiɗe ya yi tsami, ya narkar da ƙarafa masu cutarwa ya fito da su waje. Alamarsa ba ta ɓuya: duwatsun bakin rafi sukan yi ja-ja-ja kamar tsatsa, kifi kuma ya yi ƙaura. Irin wannan ruwa ne ke malalowa daga tsohuwar mahaƙar Onyeama zuwa kogin Ekulu, wanda talakawan gari ke wanki da wanka a cikinsa, kuma yana iya shafe gomman shekaru bai tsaya ba. Ga kuma gumakan katako da aka tokare rufin ramuka da su, waɗanda ke ruɓewa sannu a hankali, alhali birni na ta faɗaɗa, ana gina gidaje a saman ƙasar da cikinta rami ne.

Babbar matsalar ita ce rashin wanda za a kama da alhakin gyara. Ingila, wadda ta fara wannan haƙa, ta kafa wa kanta hukuma ta musamman a 1994 domin adana taswirar tsoffin ramuka, da tace ruwan da ke fitowa, da biyan diyya idan ƙasa ta rufta. Inugu na buƙatar makamanciyarta, kuma ba alfarma ba ce, haƙƙi ne.

Batun ya shafi Arewa kai tsaye, domin ana haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gwambe da Okaba ta jihar Kogi, kamar yadda kamfanin Sonichar ke haƙarsa kusa da Agadas. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta tanadi asusun gyaran muhalli wanda masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi a ciki, kuma wajibi ne gwamnati ta tabbatar kuɗin sun shiga tun kamfanoni suna cin riba, ta kuma bayyana wa al'ummomin da ke zaune a gefen ramukan adadin abin da aka tara.